Daga Samariya zuwa Fada: Tarihin Gurbin Matasa a Nijar

A ƙasar Hausa ta Jamhuriyar Nijar, wato yankin da ya taso daga Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya ratsa Tawa da Maraɗi har ya dangana da Damagaram, saurayin da ba ya karatu kuma ba ya sana'a baƙon abu ne idan aka auna shi da tsawon tarihin ƙasar, domin tsarin zaman jama'a na da, duk da tsananinsa, bai bar wa matashi wurin da zai zauna haka kawai ba. Ginshiƙin wannan tsari shi ne gandu, wato gonar gida wadda maigida ke riƙe da ita, 'ya'yansa maza da ƙannensa suna yi mata aiki mafi yawan kwanakin mako a damina, shi kuwa ya ɗauki nauyin ciyar da su da biyan harajinsu, sannan idan lokaci ya yi ya yi wa kowannensu auren fari. A gefen gandu ana yanka wa saurayi 'yar gonarsa, wadda mutanen Maraɗi ke kira gamana, wasu kuma gayauna, inda yake noma abin da zai yi sutura da sayen goro. Idan kaka ta wuce, wanda gidansu ke da sana'ar gado ya koma maƙera ko marina ko majema ko mahauta, wanda ba shi da ita ya bi malami gabas neman karatun Alƙur'ani, ko ya bi ayarin fatake, ko ya tafi cin rani Kano da Katsina ya dawo da faɗuwar ruwan farko. Ta haka aikin saurayi da abincinsa da aurensa suka kasance a ɗaure wuri guda, kuma duk wanda ya jure ya san inda hanyar za ta kai shi, wato ya zama magidanci mai iyali da gona, wanda ake jin maganarsa a gari.

Abin da ya haɗa samarin gidaje daban-daban wuri ɗaya shi ne samariya, ƙungiyar matasan gari ko unguwa wadda kowane yaro ke shiga ba tare da an nemi yardarsa ba da zarar ya isa riƙe hauya. Shugabanta shi ne sarkin samari, wanda sau da yawa magidanci ne da bai yi nisa da ƙuruciya ba, mai haƙuri da sakin hannu da iya magana, samari su zaɓe shi, maigari ya amince. Yana da muƙarrabansa masu sarautu irin na gidan sarki, da waziri da galadima da alƙali, kuma 'yan mata suna da tasu shugabar, wadda sunan sarautarta ya bambanta daga gari zuwa gari. Samariya ce ke sauke baƙin da suka zo biki, ita ke shirya dandali da kokowa da dambe bayan an kai amfanin gona rumbu, ita ke yashe rijiya da yaɓen masallaci da share hanya, kuma tana da ikon cin tarar wanda ya ƙi fitowa aiki, ko ta ƙaurace wa bikinsa, hukuncin da a ƙaramin gari ya fi tarar kuɗi zafi nesa ba kusa ba.

Babban aikinta shi ne gayya, wato taron noma da ake kira domin a gama a yini ɗaya aikin da zai ɗauki gida guda makonni. Mai gayya yakan zama maigari, ko malami, ko dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, ko mahaifin budurwar da wani daga cikin samarin ke nema, kuma abin da ke kansa shi ne tuwo da fura da goro. Makaɗan noma suna bin bayan manoma da ganga suna yi wa kowa kirarinsa, 'yan mata suna kawo ruwa suna kallon wanda ya riga kai kunyarsa bakin gona, saboda haka gayya ta zama filin da saurayi ke yin suna a gaban mutanen da sunan zai yi masa amfani a wurinsu, musamman iyayen da zai je neman aure gidansu. A Damagaram akwai kuma wasan kara, inda matasa ke ƙera dawakai da bindigogi da sauran kayan mulki da karan hatsi, wani ya fito a matsayin sarki, wani kumandan, a zamanin baya-bayan nan har da shugaban ƙasa da ministocinsa, kamar yadda ake yi a bikin kalankuwa a ƙauyukan Kano da Zazzau. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin raha kawai bai lura da abin da ke cikinsa ba, domin a nan ne matasa ke koyon shirya taro da rabon aiki da yanke hukunci, suna kuma nuna wa manya, cikin wasa, yadda mulkinsu yake a idon na ƙasa.

Ba daidai ba ne a ɗauki wancan zamani a matsayin zamanin jin daɗi. Akwai bauta, akwai yunwa da ke zuwa bayan 'yan shekaru, kuma ikon da dattawa ke da shi kan gona da aure ya sa samari da yawa sun gudu daga gandu ba su sake komawa ba. Abin da ya raba shi da yau shi ne cewa gari yana bukatar ƙarfin matasansa kullum, kuma yana da abin da zai biya su da shi.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Cazemajou a birnin a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma birnin ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Abubuwa uku na mulkin mallaka suka faɗa kan matasa kai tsaye, wato harajin kai da ake biya da kuɗi, wanda talakawa ke kira lanho, da ɗibar soja, da aikin tilas na gina hanyoyi da gidajen gwamnati. Da yake ta hannun hakimai da masu gari ake tara ma'aikata, tsarin da aka saba kiran gayya da shi ya zama hanyar kiran aikin da babu kiɗa babu tuwo, kuma ƙauyuka da yawa na bakin iyaka sun ga samarinsu sun tsallaka ɓangaren Ingilishi don tsira. An soke aikin tilas a Afrilun 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny, amma kafin nan wani abu mai tasiri ya riga ya shigo, wato noman gyaɗa don sayarwa, wanda ya bazu a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamaye tun shekarun 1930. Saurayin da ya iya samun kuɗin harajinsa da sadakinsa daga gyaɗar gamanarsa, ko daga dakon kaya a Kano, ba shi da dalilin daɗewa a ƙarƙashin gandu, maigida kuma da nauyin kuɗi ya yi masa yawa ya fara sakin 'ya'yansa tun kafin su nema. Gandu bai rushe a rana ɗaya ba, amma igiyar da ta ɗaure aiki da aure ta fara sassautawa tun daga nan.

Makarantar boko, wadda mutanen Nijar ke kira lakwal, ta zo a makare kuma a ƙuntace. A ranar samun 'yancin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke cikinta ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, kuma a ƙauyuka da dama iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi idan mai ɗaukar 'yan makaranta ya zo. Sai dai 'yan kaɗan ɗin da suka shiga sun fito malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti, mafi hazaƙa kuma aka kai su makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta yaye Diori Hamani da Djibo Bakary da Boubou Hama. Wannan ƙarancin ne ya dasa a zukatan jama'a wata fahimta da za ta yi tsada daga baya, cewa lakwal ƙofar aikin gwamnati ce ba wani abu ba, kuma gwamnatocin farko sun tabbatar da fahimtar, domin suna biyan ɗalibin babbar makaranta alawus, suna kuma ba shi aiki da zarar ya gama. Yaron da ya shekara shida ko goma a aji ya fita ba takardar shaida ya zama mutum na tsakiya, ya rabu da hauya kuma bai kai ga ofis ba, kuma irinsa ne farkon matasan da aka fara gani a tashoshin mota da bakin kasuwannin birane ba su da takamaiman abin yi.

Jam'iyyun siyasa sun gane amfanin matasa tun kafin 'yanci. Sawaba ta Djibo Bakary ta sami ƙarfinta a wurin yaran mota da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na garuruwa irin su Maraɗi da Tasawa da Damagaram, kuma bayan ta sha kaye a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 aka haramta ta a 1959, yunƙurinta na ɗaukar makami a 1964 ya ƙare da kisa da ɗauri. Jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani, wadda ta zama ita kaɗai a ƙasa, ta kafa reshen matasanta da 'yan sintirinta, ta kuma fara shirin wayar da kan manoma a yankin Matamaye da Maraɗi tare da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma da aka kafa wa hukuma a 1962. Samariyar gargajiya ta ci gaba da rayuwa a ƙauyuka, amma a idon masu mulki na lokacin, waɗanda tarbiyyar Faransa ta ratsa, kayan da ne da za su shuɗe da kansu.

Farin da ya fara a 1968 ya kai ƙololuwa a 1973 shi ya sauya lissafin. Dabbobi sun mutu, noman gyaɗa ya durƙushe bai sake tashi kamar da ba, dubban mutane suka yi sansani a gefen birane suna jiran taimako, ga kuma zargin cewa manyan gwamnati suna karkatar da hatsin agaji, ga yajin ɗalibai. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountche suka kifar da gwamnati, suka rushe jam'iyya da majalisa. Mulkin da ya hana siyasa yana bukatar wata hanyar isa ga talakawa, kuma Kountche ya same ta a wurin sarakunan gargajiya, da ƙungiyar addinin Musulunci da aka kafa a 1974, da ƙungiyar matan Nijar ta 1975, fiye da duka kuma a wurin samariya. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka farfaɗo da ita a matsayin ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya, aka kai ta kowane ƙauye da kowace unguwar birni, har wuraren Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye inda sunan ba nasu ba ne, aka jera shugabanninta daga unguwa zuwa gunduma zuwa jaha har zuwa Yamai.

Dole a yi wa wannan zamani adalci, domin ayyukan da samariya ta yi a cikinsa ba ƙanana ba ne, kuma har yau dattawan da suka yi ƙuruciya a lokacin suna ambaton su da alfahari. Matasa sun buga tubali sun gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, sun kewaye maƙabartu, sun share kasuwanni da magudanan ruwa, sun noma gonakin ƙungiya, sun dasa itatuwa, musamman bayan da aka mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace a 1975. A wannan shekarar ce aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko, a 1976 kuma aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, wanda ya riƙa zagaya manyan biranen jahohi shekara-shekara a daidai lokacin tunawa da juyin mulkin Afrilu. Duk birnin da zai karɓi baƙuncin bikin yana samun filin wasa da gidan matasa da gyaran tituna, kuma kafin a kai ga bikin ƙasa sai an yi gasa tun daga unguwa, a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, abin da ya sa yaron ƙauyen da bai taɓa fita gundumarsu ba ya iya samun kansa a Agadas ko Diffa yana wakiltar jaharsa. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wanda ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta yi fice a cikinsa a rediyo da talabijin, ya bunƙasa ne a wannan yanayi. Wanda bai yi lakwal ba, wanda shi ne mafi rinjaye, ya sami a karon farko wani matsayi da gwamnati ta san da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da harshen mulkinta a lokacin Faransanci ne.

A 1979 aka kafa kwamitin tsara abin da aka kira Société de Développement, wato al'ummar da za ta gina kanta ta hanyar shawara da tuntuɓar juna da sa hannun kowa, a 1983 kuma aka ƙaddamar da majalisarta ta ƙasa. An ɗora tsarin kan ƙafafu biyu, samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma, da majalisu hawa biyar daga ƙauye zuwa ƙasa. A nan ne raunin abin ya fito fili. Sarkin samarin da a da samari ke zaɓa saboda halinsa ya zama mutumin da sai kumandan ya yarda da shi, kuma a birane muƙamin ya faɗa hannun manyan 'yan kasuwa da dangin sarakuna waɗanda suka daɗe da barin ƙuruciya, saboda kusanci da gwamnati da ke cikinsa. Umurni daga sama yake saukowa, shawarar da aka yi alkawari ba ta cika hawa sama ba. Wani kaso mai yawa na lokacin matasa ya tafi a tarbar manyan baƙi da jeruwa a bakin hanya ana tafi, kuma a mulkin da ya shahara da sa ido kan jama'a, mutane sun riƙa zargin cewa samariya ma kunnen gwamnati ce a unguwa. Ɗalibai da ƙungiyarsu ta USN sun nisance ta, suna ganin ta makamin soja, saboda haka matasan ƙasa suka rabu gida biyu, 'yan lakwal masu adawa da 'yan samariya masu biyayya. Mafi muhimmanci shi ne cewa aikin kyauta ne. Gayyar da tana komawa gonar wani da aka sani, wanda shi ma gobe zai zo taka, tana kuma kusantar da saurayi ga aure da gidan kansa, amma gayyar gwamnati ta ɗauki ƙarfinsa ta ba shi riga da yabo, ba ta koya masa sana'ar da zai ci abinci da ita ba, ba ta kuma ƙara masa ko taƙi ɗaya na gona ba.

Muddin kuɗin yuraniyom na shigowa, wannan giɓi bai bayyana ba. An fara haƙar ma'adinin a Arlit a 1971, aka ƙara mahaƙar Akouta a 1978, kuma a ƙarshen shekarun 1970 shi ke kawo fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da ƙasar ke samu daga waje, har gwamnati ta iya soke harajin kai, ta ɗauki ma'aikata, ta yi gine-ginen da suka ba leburori aiki. Daga farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi, bashi ya taru, a 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wadda ta zo da tsuke ɗaukar ma'aikata da rufe ko sayar da kamfanonin gwamnati. A lokaci guda ƙofar kudu ta rufe, domin Najeriya ta kori baƙin haure a 1983 da 1985, ta kuma rufe iyakokinta na ƙasa daga Afrilun 1984 har Maris 1986, a daidai lokacin da farin 1984 ya hana damina, abin da ya sa mutanen karkara suka raɗa wa yunwar wannan shekara sunan Buhari, shugaban Najeriya na lokacin. Saurayin da gona ba ta ciyar da shi ba, cin rani ya gagare shi, gwamnati kuma ba ta ɗauka, ba shi da abin da samariya za ta yi masa.

Kountche ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987. Magajinsa Ali Saibou ya mayar da tsarin jam'iyya a 1989 da sunan MNSD, ya shigar da samariya cikinta, wanda hakan ya ɗaure makomarta da ta jam'iyyar. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu, kuma fushin da ya biyo baya ya kai ga babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Da jam'iyyu suka yawaita, kowace ta ɗebi nata matasan, unguwar da a da ke fita aiki tare ta rabu bisa launin tuta, samariya kuma ta mutu a matsayin tsarin ƙasa ba tare da an kafa wani abu a madadinta ba. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi muni ga karatu, da albashin malamai da ke makalewa watanni, da yajin aiki, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum, da karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, da juyin mulki a 1996 da 1999. Duk wannan yana faruwa ne alhali jama'a na ninkuwa, domin ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5.1, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuma miliyan 17.1, kusan rabinsu 'yan ƙasa da shekara 15. Gonar da uba ya raba wa 'ya'ya biyar, su kuma suka raba wa nasu, ta daina zama gandun da zai yi wa kowa aure.

A cikin wannan sarari ne fada ta bayyana. A asali fada ita ce zauren sarki inda ake zaman shawara, amma daga shekarun 1990, a Damagaram da farko sannan a sauran birane, sunan ya koma kan majalisar samari da ke zama a ƙofar gida ko gindin bango, da benci da tabarma da rediyo da butar shayi a kan gawayi. Gidajen rediyo masu zaman kansu da aka fara buɗewa a lokacin, musamman Anfani, sun taimaka wajen yaɗuwarta, saboda kowace fada tana son a ji sunanta a shirin gaishe-gaishe. Manya suna kiran wannan zama zaman kashe wando, kuma su kansu samarin suna amfani da kalmar cikin takaici, amma binciken da Adeline Masquelier ta yi a Yamai da Dogon Dutsi, wanda ya fito a littafi a 2019, ya nuna cewa fada ba taron banza ba ce. Tana da suna da ake rubutawa a bango, da shugaba da ma'aji da dokoki da tara, ana tara kuɗin mako, ana taimakon ɗan'uwa idan ya yi haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa, wasu suna gadin unguwa da dare, wasu suna fita yasar kwata da gyaran maƙabarta. Duk wanda ya san samariya zai gane ƙirarta a nan. Matasa sun sake gina wa kansu matsayi da zumunci da horo ba tare da gwamnati ko dattawa sun sa su ba, abin da suka kasa ginawa shi ne aikin da zai fitar da mutum daga samartaka, shi ya sa ake samun mai shekara talatin da biyar yana kwana a ɗakin gidan ubansa, yana jiran kuɗin shayi daga wanda ya sami ɗan aikin yini.

A Damagaram an sami wani reshe mai tsanani da ake kira palais, wato gungun samari masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa da shan ƙwaya, waɗanda da yawansu ke rayuwa da sayar da man fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya, sana'ar da ake kira ruwa-ruwa. Unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da aka ware daga gari, ta zama cibiyarsu, kuma fim ɗin da Aïcha Macky, 'yar asalin birnin, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna yadda ƙyamar da aka yi wa iyaye ta bi 'ya'ya har ta hana su makaranta da takardun haihuwa da aiki. Matatar man SORAZ da aka buɗe kusa da birnin a Nuwamban 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, irin masana'antar da ke cin jari mai yawa ce ta ɗauki mutane kaɗan, saboda haka ba ta rage yawan masu zaman ba. 'Yan siyasa sun san hanyar fada da palais a lokacin yaƙin neman zaɓe, da buhun sukari da ganyen shayi, kuma tarzomar 16 ga Janairu 2015, wadda aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a cikinta, ta nuna saurin da ake iya tara wannan jama'a idan an sami abin da zai fusata ta.

Gwamnatocin da suka zo bayan 1991 ba su zauna haka ba. An kafa hukumar samar da aikin yi ta ANPE a 1996, an riƙe tsarin hidimar ƙasa na shekara biyu ga masu digiri, daga 1998 aka fara ɗaukar malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi, waɗanda daga baya suka zama mafi rinjaye a azuzuwa. Shirin musamman na Shugaba Mamadou Tandja, wanda aka fara a 2001 da kuɗin yafe bashi, ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka, shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 kuma ya ɗaga yawan masu shiga firamare ƙwarai. Mahamadou Issoufou ya hau mulki a 2011 da alkawarin guraben aiki 50,000 a kowace shekara da karatu kyauta kuma dole har shekara 16, ya kuma yawaita cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi. Sai dai ko da an cika alkawarin guraben ba ragi, waɗanda ke isa shekarun neman aiki a kowace shekara ɗaruruwan dubbai ne, kuma gwajin PASEC na 2014 ya gano cewa a cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. Uban da ya ga ɗansa ya shekara shida a rumfar zana ya fito bai iya karanta wasiƙa ba yana da hujjarsa idan ya cire ƙanensa ya tura shi kiwo ko makarantar allo. Kusan duk waɗannan shirye-shirye suna da hali ɗaya, wato suna zuwa da kuɗin waje na 'yan shekaru, suna zaɓar mutum ɗaya-ɗaya su ba shi horo na watanni da keken ɗinki ko kayan walda, kuma mafi yawan masu cin moriyarsu su ne waɗanda suka riga suka iya cike takarda da Faransanci, alhali ƙungiyoyin da matasa suka kafa da kansu ba a cika neman su ba sai ranar taro.

Hanyoyin da matasa suka nema wa kansu sun fi na gwamnati ɗaukar mutane, amma kowace tana buɗewa ne ta rufe. Libiya ta ɗauki leburori da masu gadi da manoman lambu shekaru da yawa har yaƙin 2011 ya koro su, zinariyar Jado da aka gano a 2014 ta ja dubbai zuwa hamada kafin a rufe wurin a 2017, kuma dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta tsayar da sana'ar direbobi da masu masauki a Agadas har zuwa soke ta a Nuwamban 2023. Abin da ya saura a kullum shi ne kabu-kabu da tallar kaya a kai da cin rani a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa.

Akwai kuma rabin matasan da wannan tarihi ya fi zalunta, wato 'yan mata. Samariyar gargajiya, da ta Kountche ma, ta ba su shugaba da rawar takawa a dandali da fagen gasa, fada kuwa ta maza ce, kuma yarinyar da ta bar makaranta ba a ganin ta a bakin titi balle a lissafa ta cikin masu zaman kashe wando, domin tana cikin gida, ko tana talla, ko tana aikatau a birni, ko an yi mata aure. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Daga yankin Kance da Matamaye, inda gonaki suka fi ƙanƙancewa, mata da yara ne ke bin hanyar Aljeriya neman abin kai wa baki, kuma gawarwaki 92 da aka tsinta a hamada a Oktoban 2013, bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu na mata da ƙananan yara ne. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace, Shugaba Mohamed Bazoum kuma, da ya hau mulki a 2021, ya sa gina makarantun kwana na 'yan mata a gaban shirinsa, bisa hujjar cewa iyayen ƙauye suna cire 'yarsu ne idan za ta tafi sakandare a garin da ba su da amintaccen mai riƙo. An buɗe kaɗan daga cikin makarantun kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda bayansa ƙasashe da hukumomi da dama da ke tallafa wa ilimin Nijar suka dakatar da kuɗinsu.